Sha Tara na Rubuta

Makera, Kaduna
Talata, 10 ga Yuni

Isiyaku,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan kun ci nama lafiya kai da Halima da yara. Mu ma lafiya lau, sai ruwan sama da ya sa mu a gaba, kwatar layinmu ta cika har bakin ƙofa. Ƙafata ta yi sauƙi. Kunne kuwa ka san yadda masaƙar Kakuri ta bar min shi bayan shekara ashirin da biyu a gaban inji, don haka ka daina kirana a waya kana gaya wa mutane wai na yi maka girman kai. Ba na jin ka ne. Bitrus mai shagon kwamfuta na bakin titi zai ɗauki hoton takardar nan ya tura maka, kai kuma ka turo masa amsa ya buga min da manyan baƙaƙe.

Ga abin da ya sa na nemi ka. Idona na hagu yanar ido ta gama rufe shi tun bara, na daman ma ya fara hazo. Na ajiye keken ɗinki tun azumi, don ba na ganin ramin allura. Ka dubi rubutun nan, kowane harafi kamar ƙwan kaza. Wata ƙungiyar likitocin ido za ta zo Barnawa farkon watan gobe, za su yi wa 'yan shekara sittin zuwa sama aiki kyauta, amma sai an cika fom a intanet, kuma ranar Juma'ar nan ƙarfe biyar za a rufe.

Ni da Bitrus mun cika komai, sai gurbin ranar haihuwa ya ƙi. In ya rubuta da hannu sai gurbin ya yi ja ya goge. In ya danna sai wata 'yar kalanda ta fito, ita kuma wata ɗaya take komawa baya a kowane danni. Bawan Allahn nan ya zauna yana danna yana ƙirgawa, ya kai har 1983, sai aka ɗauke wuta. Da aka kunna janareto kalandar ta dawo bana. Ya lissafa ya ce sai ya danna sau ɗari bakwai da talatin da biyar kafin ya iske shekarar da aka haife ni, ya ce Mama Jummai ki yi haƙuri, ina da iyali. Wane mara imani ne ya zauna ya ƙera wa tsofaffi irin wannan abu?

Kai ne ake ta faɗa mana wai kana Legas kana gina shafukan intanet. To ga ranarka ta zo. Lambar katin ɗan ƙasata tana bayan takardar nan. Ranar haihuwa: 19 ga Maris, 1964. Ka cika min, kada ka yi min irin naka na sai gobe. Kunne ya tafi na haƙura. In ido ya bi shi, ban san da me zan riƙa hira da mutane ba, kuma wallahi abin yana ba ni tsoro.

'Yar goggonka da ta goye ka kana mata fitsari a baya,
Jummai


Legas
Juma'a, 13 ga Yuni

Yaya Jummai,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da Sallah. Duk muna lafiya, Halima tana gaishe ki, Anas ya yi zazzaɓi kwana biyu amma ya miƙe. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Ki yi haƙuri, aiki ya yi min yawa, sai yau bayan an sauko daga masallaci na buɗe saƙon Bitrus. Amma ki kwantar da hankalinki, an gama, saura minti arba'in a rufe na tura. Lambarki 341. Za ki je ranar Talata 1 ga Yuli da safe, da katinki a hannu.

Ki gaya wa Bitrus ya daina wahalar da yatsansa. Shekarar da ke saman kalandar ita ma ana danna ta, sai jerin shekaru ya zubo, sai dai wanda ya gina shafin bai sa wata alama da za ta nuna haka ba. Rubutawa da hannu kuma yana yiwuwa, amma shekara gurbin yake so a fara sawa, sannan wata, sannan rana, kuma ba su faɗa wa kowa ba. Aikin 'yan koyo ne. Da a ofishinmu wani ya kawo min wannan, da a ranar zai tattara kayansa. Minti uku ban cika ba na gano kansa.

Maganar goyo kuma ya kamata a bar ta haka, shekarata arba'in da huɗu, ina da furfura a gemu. In an buɗe miki ido ki fara da ɗinka min jamfa, shi ne ladana.

Ƙaninki,
Isiyaku


Makera
Laraba, 2 ga Yuli

Isiyaku,

Sallama. Ina fatan Anas ya warware. Ni da rai dai, lafiya kuma sai a hankali. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ta fi haka.

Jiya na je Barnawa. Na yi wanka tun da asuba, na saka atamfar da na ɗinka wa kaina kafin ido ya ƙi, Safiya maƙwabciyata ta bar wainarta ta raka ni a keke. Mun iske layi har waje, ana yayyafi. Awa uku ina tsaye, mutanen da ke gabana suna shiga ana ɗiga musu magani a ido ana ba su ranar aiki. Wani tsoho da muka yi aiki tare a masaƙa, Malam Garba, ya fito yana washe baki, ya ɗaga min yatsu uku, wato uku ga wata za a yi masa. Na yi masa murna, na ce saura ni.

Da aka zo kaina, wata ma'aikaciya mai suna Grace ta karɓi katina, ta dubi kwamfuta, ta dubi katin, ta sake duban kwamfuta. Ta yi magana ban ji ba. Ta ɗaga murya ban ji ba. Sai ta ɗauki biro ta rubuta min da manya a bayan wata takarda, ga ta nan a gabana: "Mama, kati ya ce 19, fom ya ce 20. In ba su zo ɗaya ba injin ba ya buɗe sunanki." Na ce 'yata, kwana ɗaya ne fa, ki gyara mana. Ta juyo min da fuskar kwamfutar ta nuna min gurbin, ya yi toka-toka, ta danna ta danna bai motsa ba. Ta rubuta: "An kulle shi tun ranar da aka rufe. Ba ni da iko."

Ka san abin da ya fi ci min rai? Wata mata a bayana ta ce wani abu mutane suka yi dariya. A keke na matsa wa Safiya sai da ta faɗa min a kunne. Wai cewa ta yi, tsofaffin ma'aikata ai kowa da ranar haihuwarsa uku, ta aiki da ta fansho da ta gaskiya. Ni da ban taɓa rage ko awa ɗaya a shekaruna ba! Lokacin da abokan aikina suke zuwa kotu suna rantsuwa suna yanke shekara biyar biyar, ni na ƙi, aka yi ta min dariyar wauta. Jiya kuma a gaban jama'a na zama maƙaryaciya.

Sha tara na rubuta maka, Isiyaku. Na sa Bitrus ya buɗe hoton takardar ya faɗaɗa shi har ya cika fuskar kwamfuta, ɗaya ce da tara, ko jaki ya gani zai gane. Minti uku ka ce. To ga abin da minti ukunka ya haifa.

Likitocin nan ranar Asabar 12 ga wata za su tafi. Grace ta ce hanya ɗaya ce ta rage: wanda ya cika fom ɗin ya rubuto musu daga adireshin imel ɗin da ya yi rajista da shi, ya ce kuskure daga hannunsa ne, shugabansu ya sa hannu a buɗe gurbin. Layi biyu kawai. Ka rubuta yau.

Jummai


Legas
Juma'a, 4 ga Yuli

Yaya Jummai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Anas ya koma makaranta. Wallahi raina ya ɓaci da abin da aka yi miki, har abincin rana ban iya ci ba.

Amma ki daina saurin ɗora min. Wannan matsala sananniya ce a aikinmu. Akwai shafukan da in an zaɓi rana, sai su juya ta zuwa agogon wata ƙasa kafin su adana, sai ranar ta matsa gaba ko baya da kwana ɗaya ba tare da kowa ya taɓa ba. Shafin da bai iya nuna wa mutum inda zai danna shekara ba, me zai hana shi wannan? Na rubuta musu takarda shafi uku, na jera musu kurakurai goma sha ɗaya da na gani, na ce su binciki yadda suke adana rana, su buɗe miki gurbinki, su kuma ba ki haƙuri a rubuce. Ba zan sa hannu a kan cewa ni na yi kuskure don in rufa wa 'yan koyo asiri ba. Sunana yana da daraja a wannan sana'a.

Kuma Yaya, maganar jaki ba ta dace ba. Na bar aikin ofis na yi miki wannan, ko sannu ban samu ba, sai zagi. Bitrus ma yana karanta takardun nan kafin ya buga.

Isiyaku


Makera
Litinin, 7 ga Yuli

Isiyaku,

Lafiya muke. Malam Garba an yi masa aiki, jiya ya zo har gida ya karanta min lambar mitar wuta daga tsakar gida don in gani.

Yau na koma Barnawa ni kaɗai, na kusa faɗawa kwata a bakin titi. Grace ta gan ni ta riƙe kai. Ta rubuta min cewa takardarka ta iso, kuma saboda ka ce laifin shafi ne, an ɗauke sunana daga teburin shugaba an tura wa waɗanda suka gina shafin su yi bincike, su kuma ba a Kaduna suke ba. Da layi biyun nan ka rubuta, da tun ranar Asabar an buɗe. Yanzu ko shugaban ba zai iya taɓawa ba sai an dawo da shi.

Ta ƙara da abu ɗaya. Mutum ɗari uku da wani abu suka cika fom ɗin nan, babu wanda ranarsa ta matsa sai ni. Wato agogon wata ƙasar ya tsallake kowa, ya zo Makera ya nemi gidan Jummai.

Na goye ka, na san fuskarka in ka fasa kwano ka ce kyanwa ce. Ko a takarda ina ganin fuskar nan. Kurakurai goma sha ɗaya ka jera wa mutane, ka bar na sha biyu a aljihunka. Ni ban san me ka yi ba, amma ka yi wani abu. Bitrus ya karanta, ya karanta ɗin, shi ai ya danna sau ɗari biyar saboda ni.

Saura kwana biyar. Sunanka mai daraja yana da ido biyu, ni rabin ɗaya ya rage min. Ka faɗa min gaskiya, ka faɗa musu.

Jummai


Legas
Alhamis, 10 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya. Kwana uku ina fara takardar nan ina gogewa.

Ni na sa ashirin. Shafin bai matsa da komai ba.

Da na buɗe kalandar na kai Maris na 1964, sai na ga sha tara ta faɗo a ƙarƙashin Alhamis, ashirin ce Juma'a. Na tsaya ina kallo. Sunanki Jummai. Tun muna yara Kaka take cewa ke da Juma'a kika zo, shi ya sa kike da baki. Sai na ce a raina, Yaya ba ta gani sosai, ta kwafo daga kati ta yi kuskure, ko kuma ta riƙe ranar a ka shekara da shekaru ta gauraya. Hoton katin ba ya hannuna, lokaci saura minti arba'in, in na kira ki ba za ki ji ba. Na danna ashirin ina jin daɗi, har ina cewa na kamo abin da ya wuce kowa. Na so in faɗa miki a takardar farko, sai na ce bari sai an gama aiki in tsokane ki da shi.

Da takardarki ta biyu ta zo na gane abin da na yi, kunya ta hana ni. Maganar agogo gaskiya ce a wasu shafukan, amma na san ba ita ba ce a nan. Na yi miki ƙarya, na yi wa mutanen nan ƙazafi.

Yau da safe na rubuta musu gaskiya, na janye waccan takardar. Na kira lambar da ke shafin sau tara ba a ɗauka ba. Ki sa Safiya ta kai wa Grace kwafin da na turo wa Bitrus, ko Allah zai sa a dace kafin jibi. In ba a dace ba, akwai asibitocin ido masu zaman kansu a nan Kaduna, ni zan ɗauki nauyin aikin, ki faɗa min inda zan tura kawai.

Abu ɗaya har yanzu ban gane ba, kuma ba don in kare kaina nake tambaya ba. Ta yaya aka haifi Jummai ranar Alhamis?

Ki yafe min.
Isiyaku


Makera
Litinin, 4 ga Agusta

Isiyaku,

Wannan rubutun Safiya ne, ni nake faɗa tana rubutawa, kuma na ce mata ko zagi ne ta sa shi yadda ya fito. Ina gaida Halima da yara. Jikina lafiya. Ido ya ƙarasa, ina bambance rana da inuwa, ina ganin mutum kamar an rataye zane a igiya, iyakarsa ke nan.

Takardarka ta kwana huɗu a kwamfutar Bitrus, don ya tafi Kafanchan jana'izar surukinsa ya rufe shago. Ranar da ya dawo likitoci sun kwana biyu da tafiya. Grace ta zo har gida da kanta ta ba ni haƙuri, yarinyar da ba ta yi min komai ba. Saƙonnin da ka yi ta turowa bayan nan suna nan, ban sa an buɗe ba.

Bitrus ya buga min takardarka kalma huɗu a kowane shafi, ta zama kamar littafi, duk da haka ban iya karantawa ba. Sai Safiya ce ta sa baki a kunnena tana ihu. Duk gidan nan, har mai gyaran takalmi na ƙofar gida, babu wanda bai ji cewa ɗan kawuna ya ɗauke ni wadda ba ta san ranar da aka haife ta ba. Mu da muke wasiƙa don kada kowa ya ji sirrinmu.

Ka yi tambaya, ga amsa. An haife ni a asibitin mishan ranar Alhamis, ana idar da sallar magariba. Sistar da ta karɓi haihuwa ta dubi kalandar bango ta rubuta sha tara, ba ta yi ƙarya ba. Kaka kuma da aka kai mata labari ta ce rana ta faɗi, Juma'a ta shiga, yarinya Jummai ce, ita ma ba ta yi ƙarya ba. Kai da kake azumi duk shekara, yaushe ake fara tarawihi, ba da daren da aka ga wata ba? Ka san wannan sarai. Kwamfuta ce ta nuna maka layi bakwai na kalanda ka manta da gidan da ka fito. Katin asibitin yana cikin akwatin Inna har yau, shekara sittin da ɗaya babu wanda ya ga abin gyara a jikinsa sai kai, a minti uku.

Kuskuren bai ƙona min rai kamar dalilinsa ba. Ka dubi rubutuna ka ce makauniya ce, ba ta san abin da take faɗa ba. Lokacin kuwa ina gani, Isiyaku. Da ƙyar ne, amma ina gani, kuma sau uku na duba katin a hasken rana kafin in rubuta maka. Tun kafin ido ya rufe ka riga ka ajiye ni a gefe kana yanke min hukunci. Yanzu da ya rufe ɗin, kowa haka zai riƙa yi min, kai ka fara.

Yafiya ka nema. Ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan ce na yafe don ka samu barci ba.

Maganar asibiti na ji. Kada ka tura komai ta hannun kowa, kuma kada ka sake rubuto min, ba ni da abin karantawa. Ka ɗauki hutu a wannan ofis mai daraja, ka hau mota ka zo Makera. Kai za ka riƙe hannuna mu tsallake kwatar layinmu, kai za ka tare keke, kai za ka tsaya a layi ko awa nawa ne. In an zo cika takarda kai za ka riƙe biro, tunda ni ba zan iya ba. Amma in suka tambayi ranar haihuwa, ka taɓa kafaɗata don in san an iso wurin, sannan ka kama bakinka. Ni zan faɗa.

Jummai